Mai jego, gudun safe da keken jaririya

Assalamu alaikum Anti. Ni mai jego ce a Unguwar Dosa, haihuwata ta fari, yau 'yata satinta 10. Tun ina hidimar ƙasa na saba da gudun motsa jiki sau uku ko huɗu a sati, har gudun fanfalakin da aka yi a Kaduna a 2020 da ni aka yi shi. Da ciki ya yi nauyi na daina. Da kaina na haihu amma an yi mini ƙari, ɗinkin ya warke. Yanzu zaman ɗaki ya ishe ni, wani lokaci sai in ga hawaye na zubo mini ba wanda ya yi mini komai. Maigidana ya ce zai saya mini keken jarirai irin wanda ake gudu da shi. Na ga wani sabo a kasuwa mai ƙananan tayoyi uku, mai shagon ya rantse na gudu ne, kuɗinsa ma da sauƙi. Na ga na gwanjo mai manyan tayoyi ana talla a Facebook. Yayana da ke Ingila kuma ya ce in muna so ya sayo sabo ya aiko, mu biya shi. Layinmu ba kwalta. Surukata, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce ɗan mutum ba buhun masara ba ne da za a jefa a baro ana gudu da shi, in goya ta kamar yadda aka goyi kowa. Wanne zan saya, kuma yaushe zan fara?

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana ita, ya sa mai albarka ce, ke kuma ya mayar miki da ƙarfin jikinki.

Tambayar keke kika yi, amma abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki hawayen nan ne, don haka da su zan fara. Macen da ta saba fita da sassafe, iska na dukan fuskarta, zufa na karyo mata, a wayi gari duniyarta ta koma tsakanin gado da banɗaki da igiyar shanya, dole ƙirjinta ya yi ƙunci. Wannan ba rashin godiyar Allah ba ne, ba kuma rashin son 'yarki ba. Sai dai kukan da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce da kansa cikin sati biyu, naki kuwa ga shi har sati 10. Idan yana zuwa kusan kullum, ko barci ya ƙaurace miki ko da yarinya ta yi nata, ko abinci ya fita kanki, ko kina jin ba ki da wani amfani, ki faɗa wa likita ko nas da bakinki ranar da kika kai ta allurar rigakafi. Ga ta sati 10 ta zo, ga ta sati 14 na tafe. Kada ki jira sai an tambaye ki, don layin rigakafi dogo ne, hankalin kowa na kan jariri. Damuwar bayan haihuwa ciwo ne, kuma ana maganinsa. Motsa jiki na rage shi sosai, amma ba ya hana a ga likita.

Maganar keke kuma, kada ki sayi komai a wannan watan. Ki ce wa maigida Allah ya saka da alheri, ya adana kuɗin tukuna. Ba a taɓa ƙera keken da ya dace a yi gudu da 'yar sati 10 a cikinsa ba, komai tsadarsa.

Ki lura da hannunki idan za ki ɗauke ta daga shimfiɗa. Kafin ki yi tunani, tafinki ya riga ya tallafi ƙeyarta. Kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, naman wuya da na gadon baya ba su yi ƙwarin da za su tare jijjiga ba. Idan tafiya ake a hankali, jijjigar kaɗan ce. A guje kuwa, kowace tsakuwa da kowane fashin kwalta sai sun isa wuyan nan. Su kansu kamfanonin da ke ƙera kekunan, waɗanda ribarsu ke cikin ki saya da wuri, sun rubuta cewa a dakata: Thule sun ce wata 6, BOB sun ce wata 8. Da titunan ƙasashensu suka yi wannan lissafi. Da irin namu, ni wata 8 nake ba ki, kuma sai yarinya tana zama daram ba jingina, tana juya kanta yadda ta ga dama, likitan yara ya duba ta ya ce babu laifi. Za ki ga wasu kekunan suna da wurin ɗora kujerar mota ta jarirai. Wannan don tafiya ce kawai, ba a gudu da ita.

Kin ga ashe Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Inda zan ja hankalinki shi ne kada wata rana ɗoki ya sa ki ce to bari in goya ta in ɗan yi sassarfa. Goyo na tafiya ne, kuma a tafiya babu abin da ya fi shi: yarinya na jin ɗuminki, hannuwanki a sake, ba ruwanki da rami ko kwata. Amma gudu da goyo ya fi gudu da keke illa, domin duk dirar da ƙafarki ta yi, a wuyanta take ƙarewa, in kuwa kika yi tuntuɓe ku biyu za ku faɗi.

Sai jikinki ke. Mu nan da an yi arba'in sai a ce mace ta koma daidai. Jini ne ya ɗauke, fata ce ta haɗe, amma naman da ke can ƙasan mara, wanda ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar majanyi, ya ɗauki nauyi wata tara, sannan ya buɗe har aka yi miki ƙari. Shi ba ya warkewa a kwana 40. A 2019 wasu likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, a Birtaniya sun fitar da ƙa'idar komawa gudu bayan haihuwa, wadda ake amfani da ita a wurare da dama. Sun ce mace ta jira aƙalla wata uku, kuma ko wata ukun ya cika sai ta gwada kanta. Za ki iya tafiyar minti 30 da sauri? Za ki iya tsayawa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10? Sassarfa a wuri ɗaya na minti guda fa, da tsalle sau 10 a kan kowace ƙafa? Idan kika yi duk wannan babu ciwo, babu ɗigar fitsari, babu jin nauyi ko jin kamar wani abu zai zazzago ta gabanki, to hanya ta buɗe. Idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana, ki tsaya ki ga likitan mata ko na fisiyo. Mata da yawa na ɓoye ɗigar fitsari lokacin tari ko atishawa, suna cewa ai haka haihuwa ta gada. Yawanta bai mayar da ita lafiya ba, kuma tana gyaruwa. Tun yau ki fara matse naman wurin kamar mai riƙe tusa da fitsari a cikin mutane, ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ki saki gaba ɗaya, kamar sau 10, safe da rana da dare. Kina shayarwa ma za ki iya yi, ba mai sani.

Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba tunda a arewa muke. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma yankinmu na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka yi zargin yana da alaƙa da wankan jego mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa. Idan kina haki daga hawa 'yar matakala, ko ƙafafunki na kumbura, ko ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai, ko tari na tashinki da dare, ki ajiye zancen gudu gaba ɗaya ki je asibiti a ranar. Kada ki ce rashin motsa jiki ne ya sa ki hakin.

In komai lafiya, to daga wata uku zuwa wata takwas gudunki ke kaɗai ne, babu keke, babu yarinya. Nan ne Hajiya za ta yi miki ranar da babu keken da zai yi miki. Ki nemi lokacin da fuskarta ke sake, ki durƙusa ki ce: "Hajiya, na yi tunani a kan maganarki, na kuma yi tambaya, ashe gaskiyarki ce, ba a gudu da jariri sai ya yi ƙwari. Na fasa. Sai dai jikina ya saba da motsi, zaman nan na damuna. Ko za ki taimaka ki riƙe mini kishiyarki rabin awa da safe, sau uku a sati?" Babbar mace idan aka ba ta girmanta, aka nuna an ji maganarta, da wuya ta ƙi. Maigida ya riga ki yi mata sharar fage, don maganar ɗa a kunnen uwa daban take da ta suruka. Idan zancen ya koma kan cewa gudu ba na matan aure ba ne, shi ne zai tuna mata cikin ladabi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Kada wannan ya fito daga bakinki, kada a ce kin zo yi wa uwar miji wa'azi.

Ki shayar da yarinya ko ki tatsa kafin ki fita, ki nemi rigar mama mai kama jiki sosai. Gudu daidai wa daida ba ya ƙafar da nono kuma ba ya ɓata shi, ki dai yawaita shan ruwa. Ki fara da minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, kina ƙarawa sati bayan sati. Ƙafafunki sun tuna 2020, za su so su ja ki. Kada ki biye musu.

Waɗannan watannin za su yi miki wani amfani kuma. A cikinsu za ki gane inda za ki tura keken, domin hanya ce ke zaɓen keke. Duk inda kika bi, ki riƙa kallonsa da idon mai tura yaro. Faɗin keken gudu ya haura santimita 60. Zai wuce tsakanin kwata da motar da aka ajiye a gefen titi? Wurin da kike ɗan yin tsalle ki haye, murfin lambatun da ya karye, tulin yashin mai gini, teburin mai shayi da ya cinye hanyar ƙafa, duk waɗannan ke kaɗai ba ki ma lura da su, amma da keke kowannensu sai ya tilasta miki sauka kan kwalta. Gyaran titunan da aka yi a Kaduna a 'yan shekarun nan ya samar da hanyar masu tafiya a ƙasa a wasu manyan tituna, sai dai gefen babban titi ba wurin jariri ba ne ko da hanyar ta yi kyau. Hancin yaron da ke cikin keke daidai yake da bakin salansar mota da na Keke Napep. Hayaƙin da ke wuce ki ta gwiwa, ita a fuska yake samunta. Layinku da ba kwalta ya fi dacewa da tafiya a hankali, in damina ta sauka ma sai goyo. Wurin gudu da keke shi ne wuri shimfiɗaɗɗe da mota ba ta kutsawa, irin Dandalin Murtala inda masu motsa jiki ke taruwa da safe, ko layukan cikin rukunin gidaje masu ƙofa, ko harabar makaranta ranar da ba karatu idan kun nemi izini. Ki je da kanki ki tambayi masu gadi ko suna barin a shiga da keken yara, kafin a kashe ko sisi.

Idan sai an shiga mota za a kai wurin, to wata tambayar ta taso. Keken gudu na gaske nauyinsa kan kai kilo 11 zuwa 14, ko an naɗe shi ƙato ne. Ki auna but ɗin motarku da ƙofar ɗakinku da tef ɗin tela, ki rubuta a waya. Idan kuma ba motar gida sai Keke Napep, ki yi wa kanki gaskiya: ga yarinya a baya, ga jaka, ga ƙaton keke, sau nawa a sati za ki iya wannan? Na san gidajen da keke mai tsada ya koma wurin rataya tawul. Idan lissafin bai fita ba, ki ci gaba da barin ta wurin kakarta ko babanta, kuɗin ya tafi wata hidimar, ba ki yi asarar komai ba.

In kuwa lissafin ya fita, ga yadda ake gane na gaske. Asalin keken nan, wani ɗan jarida ne a Amurka mai suna Phil Baechler ya so fita gudu da ɗansa a farkon shekarun 1980, sai ya ɗauki tayoyin keken hawa ya haɗa su da mazaunin yaro. Daga nan kamfanin Baby Jogger ya samo asali. Har gobe sirrin na cikin tayoyin. Na baya biyu manya ne, yawanci inci 16, ta gaba inci 12 ko 16, kuma masu iska ne da tub a ciki. Babbar taya mai iska tana haye tsakuwa ta shanye jijjigar. Ƙaramar tayar roba kuwa cijewa take a kowane rami, in tana gudu ta kama rawa hagu da dama, in ta cije keken ya kifa ta gaba. Wannan kaɗai ya isa ya raba ki da wanda kika gani a kasuwa. Taya uku ba ita ce shaida ba, suna ma ba shaida ba ne: shi kansa Baby Jogger yana da kekuna irin su City Mini da ya ce ba na gudu ba ne. Mai shagon mai yiwuwa ba yaudararki ya yi niyya ba, abin da aka faɗa masa ya faɗa miki. Amma araha ba ta ado, balle a wurin da wuyan 'yarki yake.

Tayar gaba dole ta kasance kafaffiya, ko kuma mai juyawa da ake iya kulle ta ta miƙe. Ke mai kullewa ta fi miki, ki sake ta idan za ki shiga cikin mutane, ki kulle ta duk lokacin da za ki yi gudu. Sai sifirin a ƙafafun baya: ki danna mazaunin da tafinki, ki ji ya lotsa ya dawo a hankali. Sai bel mai reshe biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Sai birkin ƙafa na ajiyewa, da igiyar da ake zurawa a wuyan hannu. Birkin hannu yana da amfani idan hanyarki na da gangara. Tunda da alama maigida ma zai riƙa turawa, ki nemi mai mariƙin da ake ɗagawa a sauke, ya tsaya wa kowannenku daidai ƙugu. Rumfar ta zama mai faɗi, da 'yar taga a sama da za ki riƙa leƙen fuskarta ba sai kin tsaya ba, da raga a bayan mazauni don iska. Wurin ajiye kofi da na waya ado ne, kada su sa ki ƙara kuɗi.

Sabon da yayanki zai aiko babu abin da zan ce da ingancinsa. Amma manyan irin su BOB da Thule sabbi daga dala 500 suke farawa zuwa sama, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan. Idan wannan ba zai taɓa cefane ba, kuma kuna sa ran ƙannenta za su gaje shi, ku saya. Idan zai taɓa, na gwanjo mai kyau ya wadatar, don an ƙera su ne su daɗe. Sharaɗina ɗaya: ba a cinikin biri a sama. Kada ki tura ko kwabo kan hoton Facebook. Ki je ki gani, ki taɓa, ki tura. In mai tallar ya ce kayan na Legas sai an biya za a ɗoro a mota, ki bar masa abinsa, ki zaga masu gwanjon kayan yara a Kasuwar Barci da cikin gari, ki bar musu bayanin abin da kike nema. Kina da wata biyar a gabanki.

Bara na raka ɗiyar ƙanwata duba irin wannan keke a wani shagon gwanjo. A hoto sabo fil. Da muka je, mai shagon ya jawo shi daga ƙarƙashin tulin kujerun yara, ya karkaɗe shi da tsumma, ya buɗe shi da ƙyar. Na ɗaga gabansa na wulwula tayar gaba da yatsa, sai ga ta tana juyawa tana leƙen hagu da dama, ƙarfenta ya lanƙwashe. Na kai hanci kan mazaunin, warin fumfuna ya buge ni, na ɗaga katifar na ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo har cikin ɗinki. Na ƙirga bel, huɗu. Na tsakanin cinyoyi an yanke shi, shi ne kuwa ke hana yaro silalewa ta ƙasa. Mai shagon ya ce ai tela zai ɗinka wani yanzu-yanzu. Muka yi masa godiya muka fito. Bayan sati uku ta samu wani, fentinsa ya koɗe, rumfarsa har da faci, amma ƙarfensa ba tsaga ba walda, tayoyinsa na juyawa shiru, bel ɗinsa cikakke, makullin bel ɗin na cewa ƙyas idan ya shiga. Shi take turawa har yau.

Idan kin je naki dubawar, ki tafi da jarkar ruwa mai lita 10. Ki ɗora ta a mazaunin, ki kulle tayar gaba, ki tura keken a wuri mai shimfiɗa ki sake shi. Mai lafiya miƙewa yake. Wanda ke karkata gefe, wasu na da ɗan maɓallin saiti kusa da tayar gaba, a murɗa a sake gwadawa. In ya ƙi saituwa, kafaɗarki ce za ta biya kullum. Ki taka birkin ki tura da ƙarfi ki ga ko zai motsa. Ki naɗe ki buɗe da hannunki sau uku, ki tabbata in ya buɗe yana kamawa gam. Sannan ki tsugunna ki duba yadda tayar gaba ta kama jikinsa. A 2018 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta shigar da ƙara a kan kekunan BOB da aka ƙera har zuwa 2015, saboda tayar gaba kan fice ana cikin gudu idan ba a ɗaure ɗan hannun da ke riƙe ta daidai ba. Daga baya aka sasanta, kamfanin ya ba da ƙarin bayani da kayan canji. Irin waɗannan tsofaffin su ne ke isowa gare mu a gwanjo. Ki nemi takardar da ke manne a ƙarfen, tana ɗauke da shekarar ƙira da lambar samfuri, ki bincika a intanet ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Idan tayar mai irin wannan ɗan hannu ce, a nuna miki ɗaure shi har ki iya, kuma ki riƙa jijjiga tayar kafin kowace fita.

Faci kuwa sai kin yi shi, don tsidau da ƙusa ba sa ƙarewa a hanyoyinmu. Sauƙin abin, tub ɗin inci 16 da inci 12 iri ɗaya ne da na kekunan yara, duk mai gyaran keke ya san su. Ki ajiye guda biyu da ƙaramin famfo a kwandon ƙasa. Yawan iskar da tayar ke ɗauka a rubuce yake a gefenta. In kin kai wa mai faci na bakin titi, ki tsaya a kansa, don injinsa na tayar mota ne, yana iya fasa miki tub nan take. Kada keken ya kwana a rana ko a inda ɓera zai samu bel ɗinsa.

Ranar da kuka fara fita tare, bel a ɗaure ko da daga ƙofa zuwa mota ne, igiya a wuyan hannunki ko da wurin ba gangara. Ki sa hijabin da ya tsaya a ƙugu, ko ki soke na jikinki, don dogo na iya naɗewa a tayar baya. Haka zani ko bargon yarinya, kada gefensa ya riƙa lilo. Jaka a kwandon ƙasa take zama, in kika rataya ta a mariƙi keken na iya tuntsurewa ta baya. Kada ki toshe kunnuwa da iyafis. A mararraba ki tuna keken ne ke riga ki shiga titi, don haka ki tsaya nesa da baki, ki juya shi gefenki har ki ga hanya. Ki tura da hannu ɗaya, ɗayan na lilo, kina canzawa, jikinki kusa da keken, kada ki kwanta a kan mariƙin. In za ki yi kwana da taya a kulle, ki ɗan danna mariƙin gaban ya ɗaga. Gudunki zai ragu, haka yake ga kowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda uwaye ke yi da kyakkyawar niyya: lulluɓe keke da zani ko tawul don kare yaro daga rana ko ƙura ko idon mutane. Iska na tsayawa a ciki, zafi ya taru kamar motar da aka rufe, ga shi ba ki ganin fuskarta. Rumfar keken ta isa, in don sauro ne akwai raga da aka yi domin keken yara. A watan Maris da Afrilu ki gama kafin rana ta ɗaga. Da hunturu kuma akasin haka ne, ki bari hantsi ya ɗan fito, don ke kina zufa ita tana zaune iska na dukanta, ranar da hazo ya rufe gari kuwa ki bar ta gida. Ki riƙa sa yatsu a ƙeyarta ko ƙirjinta, nan ne ke faɗin gaskiyar ɗumin jikinta, ba tafin hannu ba. Kada ki fita da duhu, kuma ya fi ku zama ku biyu, ke da maigida ko wata 'yar'uwa.

Fitar farko ma kada ki yi gudu. Ki zaga da ita a tafiya, minti 15, ki ga ko zaman ya karɓe ta. Kashegari ki ɗan yi sassarfa daga wannan fitila zuwa waccan, ki tsaya ki leƙa ta tagar rumfa. In za ta yiwu, ranar farkon ku tafi da Hajiya, a shimfiɗa mata darduma a inuwa, ki miƙa mata keken ta ɗan tura kishiyarta da hannunta. Ki gaishe min da ita, ki kuma rubuto mini bayan allurar sati 14 in ji abin da likita ya ce game da hawayen.